Filin Tambayoyi: Me Mutanen Fir'auna da Bani Isra'ila Suke Ci?

Tambaya: Malam, a wajen tafsiri na ji cewa Bani Isra'ila sun roƙi Annabi Musa (AS) albasa da adas alhali ana saukar musu da mannu da salwa. Wane irin abinci suka saba da shi a Masar, kuma shin tuwo suke tuƙawa kamar mu? Daga wata uwargida a Marwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sani. Labarin yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 61, kuma Attaura ta kawo shi, har ta ƙara da kifi da kankana cikin abubuwan da suka yi kewa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne babu ko ɗaya daga ciki da yake abincin fada. Cimar talaka ce ta yau da kullum, wadda ake haɗawa da gurasa.

Gurasa kuwa ita ce ginshiƙin cimar Masar, ba tuwo ba. Suna noma sha'ir da wata tsohuwar alkama mai taurin ƙaiƙayi a ƙasar da ambaliyar kogin Nilu take jiƙawa kowace shekara, sai a sussuka hatsin a turmi, mace ta durƙusa gaban dutsen niƙa ta yi ta gurzawa, kamar yadda kakanninmu suke yi da dawa kafin zuwan inji. Wahalar tana da yawa, kuma ta bar shaida, domin yashi da garin dutse suna shiga cikin garin, shi ya sa masu binciken gawarwakin da aka adana suke samun haƙoransu a cinye, na mai kuɗi da na talaka. A shekarar 1991 an tono wuraren gashi kusa da dalar Giza, inda aka tarar da manyan tukwanen yumɓu masu siffar ƙararrawa, waɗanda ake zuba ƙullu a ciki a jera su cikin garwashi don ciyar da leburori. Daga hatsin nan ne kuma suke dafa wata giya mai kauri da suke sha kullum.

Hatsi shi ne albashi, tunda ba su fara amfani da tsabar kuɗi ba. Ma'aikacin ƙauyen Deir el-Medina da yake haƙa kaburburan sarakuna yana karɓar kusan lita 300 na alkama a wata, ban da sha'ir, kuma da rabon ya yi jinkiri a shekara ta 29 ta mulkin Ramses na Uku sai suka ajiye kayan aiki, abin da ake lissafawa a matsayin yajin aiki na farko da aka rubuta a tarihi. Mahaɗin gurasar shi ne albasa, tafarnuwa, adas da busasshen kifi mai gishiri. Naman sa kuwa sai gidan manya ko ranar biki, zaƙi kuma daga zuma da dabino da ɓaure.

Da Ibraniyawa, wato Bani Isra'ila, suka zauna a ƙasar Kan'ana, inda noma ya dogara da ruwan sama, gurasar ba ta bar su ba, sai dai man zaitun da inabi da nonon awaki suka ƙaru a kanta. Talaka yana cin ta sha'ir, ana manna ta a jikin tanderu ko a gasa a kan dutse mai zafi, a ci da faten adas. Shari'arsu ta hana alade da jini da kifi marar ɓawo, kuma a Idin Ƙetarewa, wato bikin tunawa da fitarsu daga Masar, sukan yi kwana 7 suna cin gurasa marar yisti.

Kada ki nemi tumatir, barkono, gyaɗa, rogo ko masara a tukunyarsu, Hajiya, domin duk waɗannan daga nahiyar Amurka suka fito, kuma sai bayan 1492 suka ƙetaro teku.