Python: Yadda za a kira setUp na uwar kilas, da haɗarin danne kuskure

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya, ina haɗa manhajar rijistar ɗalibai da Python. A kowane kilas na gwaji nakan rubuta super(GwajinRijista, self).setUp(), domin kiran setUp (shirin da ake yi kafin kowane gwaji) na uwar kilas, wato wadda nawa ya gada, in kewaye shi da try da except masu kama kuskure don kada gwaji ya tsaya. Akwai hanya mafi sauƙi? Ga kuma fayilolin wucin gadi suna ta taruwa mini.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wancan dogon layin gadon Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020. Tun fitowar Python 3 a 2008, super().setUp() kawai ya isa. Ka sa shi a layin farko, domin uwar ta gama shirinta kafin kai ka ɗora naka.

Abin da ya fi damuna shi ne try ɗin nan. Don Allah ka cire shi. Idan rumbun bayanai ya ƙi buɗewa a setUp kai kuma ka danne kuskuren, gwajin zai ci gaba a kan babu. Ko dai ya faɗi can gaba da saƙon da ba shi da alaƙa da asalin matsalar, ka kwana kana nema inda ba a nan take ba, ko kuma ya wuce lafiya lau, wanda ya fi muni. Tamkar mai jinya ne ya ɓoye wa likita zazzaɓinsa. Ai unittest, tsarin gwaji na Python, da kansa yana kama kuskuren, ya nuna maka layin da ya faru, ya wuce gwaji na gaba. Ba ya tsayar da sauran.

Fayilolin kuwa, mai yiwuwa a tearDown, wato aikin tsaftacewa da ake yi bayan kowane gwaji, kake goge su. To, ba a kiran tearDown sam idan setUp ya faɗi, kuma ko ka danne kuskuren, zai iya cin karo da abin da ba a buɗe ba ya tsaya kafin ya kai ga gogewa. Maganinsa addCleanup: da zarar ka buɗe abu, misali rumbun bayanai, layi na gaba ka rubuta self.addCleanup(self.rumbu.close), haka kuma za ka yi wajen goge fayilolin. Wannan yana gudana ko setUp ya mutu a tsakiya, kuma abin da aka buɗe ƙarshe shi ake fara rufewa.

In kuma kuskuren kake son gwadawa da gangan, misali lambar rijista mara inganci, wurinsa cikin gwajin ne, da with self.assertRaises(ValueError).