Amsa ga mai 'yan raguna 15 da ba su ƙiba a gonar gamba

Malam, na ga tambayarka: rabin hekta na gamba a wajen Wamakko, 'yan raguna Uda 15 da aka yaye, suna wuni cikin ciyawa shar amma har yanzu ana ƙirga haƙarƙarinsu. Abin nan ya taɓa cina a shekarun farko na kiwona, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Idonka na ganin kore, bakin rago kuwa ganye yake nema. Gamba idan ta wuce ƙugu ta fara kara, ta tsufa ga ɗan rago. Sai ya tsinci lallausan ganyen, ya tattake sauran, ya kwana da yunwa a tsakiyar abinci. Ni ina shigar da nawa in ta kai gwiwa, in fitar da su in ta rage kamar taki ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20.

Ga lissafin. Ɗan rago mai kilo 20 na cin abin da ya kai kilo 3 na ɗanyar ciyawa a wuni, don kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta ruwa ne. Amma kada ka ba shi filin da ke da kilo 3 cif. Tumaki masu zaɓe ne, sai ka tanadar masa ninki biyu ko fiye. Naka 15 ke nan suna bukatar kusan kilo 100 na ciyawa a tsaye kullum. Ka auna mita ɗaya tsawo da faɗi, ka yanke da lauje ka bar santimita 15 zuwa 20 ɗin nan a gindi, ka ɗora a sikeli. A gonata rabin kilo nake samu a watan Agusta. In taka haka take, da zagayen gida takwas da zan faɗa nan gaba, rabin hektar nan da ƙyar za ta riƙe 12. Sauran ukun ko ka kai su kasuwar Achida, ko ka cike giɓin da harawa da dusa da yamma.

Sannan ka raba filin gida takwas, ko da ƙaya ce ko tsohuwar raga. Kwana huɗu a kowane gida, kafin su zagayo ciyawar ta huta kwana 28. Ba don tohon ciyawa kaɗai ba. Ƙwan tsutsar ciki da ke fita a kashinsu, da damina cikin mako guda ya zama abin da zai kama dabba, kuma a gindin ciyawa yake taruwa. Duk wanda ya bar raguna suka gwaguye ciyawa har ƙasa, tsutsa ya ciyar da su. Ni a damina ɗaya na rasa huɗu ta haka, ina ta zargin mai sayar mini da dusa, Allah Ya yafe mini.

Don haka yau ɗin nan ka ja fatar idonsu ta ƙasa ka duba. In ta yi fari, ko ka ga kumburi ƙarƙashin haɓa, ka nemi malamin dabbobi ya ba su magani gwargwadon nauyinsu kafin ka kashe ko kwabo a kan dusa. Kuma ka bar raɓa ta bushe kafin ka sake su da safe.

Gishirin lasa da ruwa mai tsabta kada su yanke. Daga Oktoba kuwa, gamba na fitar da kai lissafin nan ya tashi aiki, harawar wake ce za ta riƙe maka su har kasuwa. Ka fara tara ta tun kaka, tana da araha.