Ƙanena mai zuwa Beljika, zancen gujiyar nan kar ka ɗauke shi wasa

Salamu alaikum ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya aiki ne ya riƙe ni. Barka da samun gurbin karatu a Liyej, Allah ya sa albarka. Zancen biza da ɗaki zan amsa maka daban, yau abin da ka saka can ƙarshen saƙo kamar ba komi ba shi ya hana ni barci, inda ka ce in ka ci kilishi ko kwaɗon zogale mai ƙuli-ƙuli sai borin jini ya feso maka leɓe ya kumbura, kuma bara da azumi har maƙogwaro ya shaƙe sai da ka sha ƙwaya ya lafa, kana tambaya wai sanyin Turai zai ƙara shi ko zai rage.

Sanyi ba ruwanshi. Abin da ka kwatanta ya yi kama da alerjin gujiya, ɗiyata ta fari shi gare ta, shekara shida kenan muna tare da shi. Garkuwar jiki ce ke kuskure, ta ɗauki furotin ɗin gujiya a matsayin maƙiyi ta haɗa masa wasu sojoji da likitoci ke kira IgE, to duk ranar da gujiya ta sake shiga sai jiki ya zubo histamin da 'yan uwansa, shi ne ƙaiƙayi da kumburi da amai, galibi cikin mintuna zuwa awa 2. Ba sammu ba ne, ba kuma maiƙo ne ya yi maka yawa ba kamar yadda tsofaffinmu ke cewa. Kuma daban yake da wanda ke shan madara cikinsa ya yi ta ƙugi, wannan narkewa ce ta gagara, ba ta kisa. Naka da ya taɓa maƙogwaro shi ake kira anafilaksi, yana iya toshe numfashi ya sa ƙarfin bugun jini ya faɗi ƙasa sosai, kuma don na bara ya zo da sauƙi ba shi ke nuna na gaba zai zo haka ba, balle in kana da asma.

Tun kana Damagaram ka je babban asibiti likita ya rubuta maka takarda da faransanci, me ka ci, bayan minti nawa abin ya taso, me ya faru. In ka iso kuma ranar da ka gama rajistar makaranta ka shiga mitiyel, wato asusun lafiya, ka ga likitan unguwa ya tura ka wajen masanin alerji, ka nemi randebu da wuri don layin na da tsawo. Gwajin ba wuya, za su ɗiga ruwan gujiya a damtsenka su ɗan tsikara fatar, bayan minti 15 in wurin ya tashi kamar cizon sauro da faɗin milimita 3 ko fiye to akwai alama. Sai gwajin jini a auna IgE ɗin, har da wani furotin mai suna Ara h 2 wanda in ya fito da yawa abin na gaske ne. Ƙwayar ƙaiƙayi tana ɓata gwajin fata, mu an ce mu tsayar da ita mako guda kafin ranar. In suna shakka sukan ba mutum gujiyar kaɗan-kaɗan a cikin asibiti suna tsaye kansa, don Allah kar ka gwada wannan a ɗaki kai kaɗai.

Ƙwayar da ka sha, irin su setirizin, fata kawai take kwantarwa, ba ta buɗe maƙogwaro. Maganin anafilaksi allurar adirenalin ce, tana zuwa kamar biro, EpiPen ko Jext, ta babba miligiram 0.3, likita ke rubutawa ka saya a farmasi. Da ka ji murya ta dishe ko numfashi na wuya ko jiri, ka caka ta a gefen cinya ta waje ko ta kan wando ne, ka kira 112, ka kwanta ka ɗaga ƙafa kar ka miƙe, in numfashi ne ya fi matsa maka ka zauna. In bayan minti 5 zuwa 10 ba sauƙi sai ta biyu, shi ya sa ake yawo da biyu. Ko ka ji garau ka bi motar asibiti don abin yakan dawo bayan awoyi. Kar ka sa ta a firigo, kar ka bar ta a rana.

Sayayya nan da sauƙi, dokar Tarayyar Turai tun Disamban 2014 ta tilasta a nuna abubuwa 14 masu tada alerji a jikin kwali da rubutu mai fita daban, galibi baƙi mai kauri, ka nemi sunan gujiya da faransanci, arachide ko cacahuète, da yaren Filaman na arewacin Beljika kuma pinda. Ka kula da lupin, dangin gujiya ne, ana sa garinsa a wasu burodi da kek kuma wasu masu irin lalurarka ba sa ɗaukarsa. A gidan abinci ka tambaya, dole su faɗa maka.

Amma wallahi inda na fi ji maka tsoro gidajenmu ne. Za ka je Matonge, unguwar 'yan Afirka a Burusel, za a gayyace ka suna ko shan ruwa, a kawo miyar gujiya ko tsire da yaji, ko wani ya dawo daga gida da kilishi da man gujiya na gargajiya wanda ba a tace ba, ba kwali ba rubutu, kai kuma kunya ta hana ka cewa a'a ga babba. Mu ma mun sha jin "ɗan kaɗan ba ya komi", wata baiwar Allah da kyakkyawar niyya ta taɓa ba ɗiyata loma ɗaya muka kwana asibiti. Ka buɗe baki ka ce Hajiya likita ya hana ni, ka tambayi me aka sa a yajin, cokalin da ya shiga miyar ma kar ya shiga taka. Abokin ɗakinka ka nuna masa inda allurar take da yadda ake cakawa.

Daga yau har ka hau jirgi ka bar gujiya kwata-kwata, ka gaya wa Inna kar ta sa maka ƙuli-ƙuli a guzuri, takardar likitan kuma ta zauna a jakar hannu. Ka turo min ranar saukarka in zo tarbarka. A gaida mutanen Birni.