Dashen Ɓargo da Ƙwayoyin Halitta na Asali: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Likita, ɗana mai shekara 9 yana fama da sikila, wata ba ya ƙarewa ba mu kwana asibiti ba. An ce dashen ɓargo na warkarwa. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Argungu.

Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya ne. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin halitta na asali, su ke haifar da jinin jiki. Ana kashe ɓargon yaron da magani mai ƙarfi, sannan a ɗura masa na mai lafiya ta jijiya, kamar ƙarin jini. A Najeriya an fara yin nasara a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Sai dai dole a sami wanda ɓargonsu ya dace, galibi ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma damar dacewar kowane ɗan'uwa ɗaya ce cikin 4. Kuɗin miliyoyi ne, yaro zai yi makonni a killace a ɗaki, akwai haɗarin rashin haihuwa, wani lokacin har rasa rai. Kafin nan, ki riƙe gidan sauro da yawan shan ruwa, ki kuma tambayi likitansa batun maganin haidroksiyuriya.

Ana tallan wani garin magani wai "sitem sel", yana maganin suga da shanyewar ɓarin jiki. In saya wa mahaifina? Daga Jega.

Kada ka saya, ɗan'uwa. "Sitem sel" sunan ƙwayoyin halitta na asali ne da Turanci, kuma ƙwayar halitta mai rai ba ta zama a leda. Na ga dattijon da ya ajiye maganin sugansa saboda irin wannan garin, aka kawo shi ƙafa ta ruɓe. Abin yana ci mini rai.

Shin binciken da ake yi kan ƙwayoyin halitta na asali ya halatta? Na ji ana lalata ɗan tayi. Daga wani malamin Islamiyya a Birnin Kebbi.

Malam, damuwarka tana kan hanya. Tun 1998 masana a Amurka ke ciro ƙwayoyin daga tayin da bai wuce kwana 5 ko 6 da haɗuwa ba, kuma ciro su na lalata shi. A 2003 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, a Makka ta halatta na ɓargo, da na cibiya da mabiyiya da izinin iyaye, ta haramta zubar da ciki da gangan domin wannan. Daga baya Shinya Yamanaka na Japan ya gano yadda ake mayar da ƙwayar fatar babba ta koma ta asali ba tare da an taɓa tayi ba, ya sami kyautar Nobel a 2012. Dashen da na yi wa Hajiya bayani ba ruwansa da tayi, ɓargon ɗan'uwa ne da yardarsa.