Ku Tambaya Mu Amsa: Idan Gwamnati Ta Miƙa Wa Kamfani Makarantar Firamare

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji wasu jihohi sun haɗa gwiwa da wani kamfani, an raba wa malamai kwamfutar hannu mai ɗauke da darasi. Na kuma ji ƙungiyoyin malamai a ƙasashen waje suna yaƙar irin wannan tsari. Me suke ƙi a ciki, tunda gyara ake nema? — Malamin firamare, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Haka ne. Jihar Edo ta fara EdoBEST a 2018, Legas ta biyo da EKOEXCEL a 2019, daga baya Kwara ta kawo KwaraLEARN. Duk da kamfani guda suka yi aiki, NewGlobe, uwar makarantun Bridge da suka fara a Nairobi a 2009.

Ga yadda abin ke tafiya. A ofis ake rubuta darasin, kalma bayan kalma, har da inda malami zai yi tambaya da abin da zai rubuta a allo. Malami ya buɗe na'ura ya bi. Ita kuma tana ajiye lokacin da ya iso, da lokacin da ya fara, da inda ya tsaya, ta aika wa masu sa ido. Wannan yana rage fashin malamai, ba ma musu. Amma idan rabin aji ba su gane ba, rubutun bai san da haka ba, kuma malamin da ya tsaya ya maimaita shi ne zai bayyana a matsayin wanda bai gama aikinsa ba.

Tushen rigimar a Amurka yake. Dokar ilimi da Shugaba Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002 ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa 8, makarantar da ta yi ta faɗuwa kuma ana iya sauya shugabanninta ko a miƙa ta ga wasu. A 2009 gwamnatin Obama ta ware dala biliyan 4.35 jihohi su yi gasa a kai, kuma jihar da ta ɗaure kimar malami da makin ɗalibansa ta fi samun dama. Gidauniyoyin attajirai irin su Gates da Walton da Broad suka zuba kuɗi a wannan hanya. Da maki ya zama shi ne abincin malami, sai aka koma koyar da jarrabawa kawai. A Atlanta har goge amsoshin yara aka riƙa yi ana gyarawa, kotu ta kama mutum 11 da laifi a 2015. Malaman Chicago sun yi yajin aiki a Satumbar 2012, a shekarar da ta biyo aka rufe makarantu kusan 50, akasari a unguwannin baƙaƙen fata. A jihar New York kuwa, a 2015 kusan yaro ɗaya cikin biyar iyayensa suka hana shi rubuta jarrabawar. Kukan masu adawa shi ne: kuɗin jama'a ne, 'ya'yan jama'a ne, amma masu yanke hukunci ba wanda ya zaɓe su, ba kuma wanda zai iya cire su.

Tambaya: Akwai inda aka gwada a Afirka aka auna da gaske, ba tallar kamfani ba? — Ɗalibar kwalejin ilimi, Gumel

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, Laberiya. A 2016 gwamnatin ƙasar ta miƙa makarantun firamare 93 ga ƙungiyoyi da kamfanoni 8, Bridge na ciki. Da ƙuri'a aka zaɓi makarantun, don masu bincike su gwada su da takwarorinsu da aka bari a hannun gwamnati. Shekarar farko karatu ya ƙaru, daga nan ya tsaya kusan wuri guda har shekara ta uku. Bugun yara ya ɗan ragu. Barin makaranta kuwa ya ƙaru, daga kashi 15 cikin 100 zuwa wajen 18.

Dalilin na cikin takardar kwangila. An yarje wa Bridge ta ƙayyade yawan yara a aji, ta kuma cire malaman da ba ta so. Yaran da aji bai ɗauka ba, wasu suka koma makarantun maƙwabta, wasu suka zauna a gida. Malaman da aka cire gwamnati ce ta ci gaba da ɗaukar nauyinsu. To makarantar da ta sauke kayanta a kan ta kusa da ita, dole makinta ya yi kyau. Ga kuma batun kuɗi: gwamnati na kashe wajen dala 50 kan kowane ɗalibi a shekara, shirin ya ƙara wata 50, amma abin da Bridge ta kashe a shekarar farko ɗaruruwan daloli ne kan kowane yaro. Ƙasar ba za ta iya ɗaukar wannan a dukkan makarantunta ba.

Tambaya: Ni ce shugabar mata a kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar unguwarmu. Idan aka kawo mana irin wannan shiri, me ya kamata mu yi? — Wata uwa, Birnin Kebbi

Amsa: Hajiya, kafin komai ku ƙirga yara. Ku kwafi rijistar kowane aji kafin shirin ya fara, maza da mata, ku sake ƙirgawa a ƙarshen kowane zango. Ku roƙi kwamitin makarantu biyu mafi kusa da ku su ma su yi haka. Idan naku sun ragu nasu sun kumbura, kun gano inda gyaran ya tafi.

Sannan ku nemi kwafin yarjejeniyar a rubuce, ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa SUBEB, hukumar ilimin farko ta jiha. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ana jan ƙafa, don haka ku riƙe kwafin wasiƙarku mai hatimin karɓa. Idan ta zo hannunku, ku duba nawa ake biya kan kowane ɗalibi a shekara, da naira ne ko da dala, domin kwangilar dala kan ninka kanta idan naira ta faɗi. Ku duba wa ke da ikon cire malami, da ko an sa iyakar yawan yara a aji ba tare da an gina sabon aji ba. Ku duba wa ke auna sakamako. Idan kamfanin ne ke shirya jarrabawa, shi ke makin, shi ke sanarwa, wannan ba awo ba ne.

Sakin layin da aka fi mantawa shi ne na ranar rabuwa. Idan kwangila ta ƙare ko gwamnati ta sauya, darussan na wane ne? Sunayen yara da makinsu fa? Idan na kamfani ne, jihar ta yi shekaru tana biya, ta tashi ba manhaja a hannunta, malamanta kuma sun manta yadda ake shirya darasi.

A cikin aji kuwa, ku tambayi inda za a yi caji a garin da ba wuta, da wanda zai biya idan gilashin na'ura ya fashe, da ko akwai darasi a takarda na ranar da batir ya mutu. Ku zauna a aji ɗaya ku saurara. Idan da Turanci zalla ake karanto wa yaron da Hausa kawai yake ji, zai haddace ya maimaita da ƙarfi, amma ku ba shi wani shafi daban ku gani.

Tambaya: Ai makarantun gwamnati sun riga sun lalace. Ba gara a ba kamfani ba? — Ɗan kasuwa, Kano

Amsa: Alhaji, lalacewar gaskiya ce, kuma binciken da masanin tattalin arziki Michael Kremer da abokansa suka fitar a 2022 ya nuna yaran makarantun Bridge a Kenya sun ƙaru sosai a karatu. Abin da muka ɗauka daga nan shi ne shiryayyen darasi da sa ido suna aiki, kuma gwamnati na iya yin su da kanta. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin farko, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Jihohi da dama sun bar nasu shekara da shekaru ba su ɗauka ba. Gwamnan da ya ce ba shi da kuɗin wannan kaso, a tambaye shi daga wane aljihu zai biya kamfanin.