Ƴan ƙudan da ke lasar zufa a lambu: su wane ne, kuma yaya ake ɗaukar hotonsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan lambu a Jiratawa, na kuɓewa da kabewa da zogale. Akwai wasu ƙananan ƙwari masu kama da ƙudan zuma da ke sauka mini a hannu in na yi zufa, kuma ina ganinsu cikin furanni. Na yi ta ɗaukar hotonsu da salula don in nuna wa malaman gona, amma kullum dishi-dishi yake fitowa. Maɓarnata ne? Kuma yaya zan samu hoto mai kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da fari dai kada ka fesa musu magani, don aiki suke yi maka kyauta. Gishirin da ke cikin zufarka suke lasa, ba jini suke sha ba.

Iri biyu ke da wannan hali a ƙasarmu. Akwai dangin da masana ke kira Halictidae, masu jinsi sama da 4,000 a duniya, waɗanda yawancinsu ba su kai santimita 1 ba. Na wajenmu baƙaƙe ne ko masu ruwan ƙasa, wasu da zane a ciki, wasu da ɗan ƙyalli. Koraye shar ɗin nan da kake gani a intanet galibi na nahiyar Amurka ne. Ba su shiga amya, rami suke haƙawa a ƙasa. Macen na da harbi, amma sai ka matse ta, kuma zafin bai kai na ƙudan zuma ba. Na biyu ita ce galla, ƴar mitsitsiya marar harbi, mai nacin shiga ido da hanci, wadda ke ajiye ɗan zumanta a kogon icce ko tsagar bango. Dukansu suna kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Kabewarka kuwa furen namiji daban, na mace daban, in ƙwaro bai haɗa su ba ƴaƴan sai su yanƙwane su zube.

Batun hoto, laifin ba na salularka ba ne kaɗai. Yawancin salula in ka matsa ƙasa da santimita 10 ko makamancin haka, idon kamarar ba ya iya tsayar da abu. Ka ja baya kaɗan har hoton ya fito tas, daga baya ka yanke gefensa. Jawo hoto da yatsu biyu ɓata shi yake. In da hali ka sayi ɗan gilashin ƙara girma da ake maƙalawa a kan kamarar. Da shi za ka matsa har santimita 2 ko 3. Sai dai a wannan kusancin wurin da ke fitowa sarai bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Numfashinka ma ya isa ya gusar da shi. Don haka ka durƙusa, ka dafa gwiwar hannu a cinya, ka auna idon ƙwaron, ka riƙa matsawa gaba da baya a hankali kana ɗauka a jere. In ido ya fito, an yafe wa sauran jiki. Goma su lalace ɗaya ya yi kyau, haka sana'ar take ko ga masu manyan kamarori.

Abin da ya fi kayan aiki a wurina shi ne lokaci. Da tsakar rana jikinsu ya ɗau zafi, ba su zama, ga rana mai ƙone launi. Ka zo bayan sallar asuba, gari na wayewa, musamman cikin sanyin Disamba da Janairu: ba su iya tashi da sauri sai sun sha hantsi, iska ma ba ta taso ba. Furen kabewa da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. Kada ka bi ƙwaro, za ka gaji a banza. Zaɓi fure ɗaya da suke yawan zuwa, ka saita kamara a kansa, ka zauna kamar mai kamun kifi a tafkin Madarunfa. Ka lura kada inuwarka ta faɗa kan furen, nan take za su watse. In rana ta yi ƙarfi, wani ya riƙe maka farin ƙyalle a sama ya tausasa hasken. Kuma ka goge idon kamara, ƙurar hunturu ta ɓata hotuna da yawa ana zargin salula.

Tunda malaman gona za ka kai wa, ko masu binciken ƙwari na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, a reshenta da ke Tarna kusa da Maraɗi, hoto ɗaya ba ya isa. Ɗauki ta gefe, ta sama, da fuska, ka faɗi furen da ka same shi da ranar. Ta gefen ce ke nuna garin fure a ƙafafun baya na mace. Fuskar kuma ita ke raba gardama, don akwai wani ƙuda mai shawagi wuri ɗaya da ke kwaikwayon ƙudan zuma: shi idanunsa sun cika kai, ƙahonninsa gajeru ne, fukafukansa biyu, alhali dangin zuma huɗu gare su da dogayen ƙahonni. Shi ma ka bar shi, tsutsar wasu daga cikinsu darɓar ganye take ci.