Yaran da ke wanki da ɗebo ruwa a hostal: rufe musu ƙofa ba ya gyara komai

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kina karatu a ɗaya daga cikin jami'o'in Katsina, kullum kina ganin ƙananan yara suna yi wa ɗalibai wanki da wanke-wanke da ɗebo ruwa, wasu kuma suna talla har bayan magariba. Kin tambaya ko ku nemi hukumar makaranta ta hana su shiga.

Kada ku fara da wannan. Ran da mai gadi ya rufe wa yaro ƙofa, washegari za ki same shi a tasha ko a Babbar Kasuwa yana dako, inda babu mai sa masa ido. Kun daina ganinsa, amma wahalarsa ta ƙaru.

Ku fara da sanin wanda ya turo yaron, don ba duka ba ne iri ɗaya. Almajiri yana neman abinci ne da kuɗin Laraba da zai kai wa malam. 'Yar talla mai gyaɗa ko awara ko ruwan leda uwarta ce ta ɗora mata, kuma sau da yawa da ribar ake cefane ko ake zubin adashen kayan ɗaki. Sai yaron shago da yarinyar da ke wanke kwanuka a wurin mai abinci, waɗanda galibi ba su ke karɓar ladan aikinsu ba, wani babba ne. Maganin da ya yi wa na farko ba zai yi wa ta biyu ba.

Sannan ku bambance aike da bauta. Babu wanda ya ce yaro ɗan shekara goma sha uku kada ya sayo miki burodi. Ga ma'auni: shin aikin ya ci lokacin karatunsa, na allo ko na boko? Ya fi ƙarfinsa? Ya kai shi dare? Jarka mai lita 25 idan ta cika kilo 25 ce, yaro ɗan shekara goma kuma nauyinsa wajen kilo 30 ne. Idan ya hau bene da ita sau huɗu, ya ɗauki kilo ɗari kafin ya karya kumallo. Omo da ruwan bilic suna tsattsaga hannu, musamman da hunturu. Dafa abinci a kan risho ko hita mai tsirarar waya kuwa, ba na yaro ba ne sam. Abin da ya fi muni ba a cika faɗarsa ba: idan waya ta ɓace a ɗaki, almajirin ake fara kamawa da duka kafin a bincika, yarinyar da ta shiga hostal ɗin maza da tire a ka bayan isha kuma kin san haɗarin da take ciki.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana sa yaro aikin gida a gidan da ba na danginsa ba, ta hana ɗora masa kaya mai nauyin da zai cutar da shi, ta kuma hana sa shi bara ko talla. Jihar Katsina ta yi tata dokar kare yara a 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Dokar NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, ta 2015 ta tanadi ɗauri ga wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba a matsayin ɗan aikin gida. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ku san waɗannan don ku yi magana da ƙarfin gwiwa a gaban hukuma, amma kada ku je wa uwar 'yar talla da barazanar kotu. Za ta ɗauke yarinyar ta kai ta wani wuri, shi ke nan.

Yanzu ga aikin. Ku haɗu mutum biyar ko shida, ku yi mako biyu kuna rubuta yaran da ke zuwa hostal ɗaya kawai: kimanin shekaru, lokacin zuwa da tafiya, irin aikin, unguwa ko makarantar allon da suka fito. Ku sa Alhamis da Juma'a a lissafin daban, domin ranakun hutun makarantar allo ne, yawan yaran yana ƙaruwa. Kada ku ɗauki hotonsu ku watsa a Facebook ko WhatsApp, tozarci ne.

Da wannan takarda za ku je ofishin shugaban sashen harkokin ɗalibai, ta hannun ƙungiyar ɗalibai ko MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Ku nemi abubuwan da za a iya aiwatarwa: kada yaro ya shiga cikin ɗakin kwana, kada a ga yaro a hostal bayan magariba, a hana dukan yaro kan zargin sata, a kuma yi wa manyan 'yan ga-ruwa da masu wanki da guga rajista da katin shaida. Na ƙarshen nan shi ake yawan mantawa. Muddin famfo ba ya kawo ruwa kuma babu babba mai kura a kusa, ɗalibai za su ci gaba da kiran yaro, saboda shi ne mai araha, shi ne wanda ake sallama da ragowar taliya.

Zuwa wurin malamin allo yana son ladabi. Ku nemi mai unguwa ko limamin unguwar ya yi muku jagora, ku je da goro ko mudun hatsi, kada ku buɗe baki da kushe karatun allo. Abin da za ku nema ƙarami ne: ya bar yaron ya shiga firamare ta kusa da hantsi, bayan karatun asuba, ku kuma ku ɗauki abincinsa na rana da kuɗin Larabarsa. Malamai da dama ba su ƙi, idan sun tabbata ba za a raba yaron da allonsa ba. Ga uwar 'yar talla kuwa, mata ne ya kamata su je. Tambayar da za ku yi mata ita ce nawa yarinyar ke kawowa a rana. Idan ba ku cike gurbin wannan kuɗin ba, komai daɗin bakinku, tire zai koma kanta. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗalibai su riƙa sayen awarar ko gyaɗar a sari kai tsaye daga gidan, wata babba ta kawo hostal.

Kada ku miƙa wa yaro kuɗi a hannu da sunan makaranta. Ku biya tela kuɗin yunifom da kanku, ku sayi littattafan rubutu da takalmi da kanku, ku karɓi lambar hedimasta, ku riƙa duba rajistar aji duk ƙarshen wata.

Inda irin wannan yunƙuri ya fi mutuwa shi ne hutu da yajin aiki. A 2022 ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta yi wata takwas tana yajin aiki. A irin wannan lokaci, duk yaron da abincinsa ya dogara da ɗalibi ɗaya zai iya komawa bara tun makon farko. Don haka ku ɗauki yara uku da za ku iya riƙewa shekara guda maimakon talatin na wata ɗaya. Ku tara kuɗin zango gaba ɗaya tun farkonsa, ku ajiye a hannun mutum biyu, ɗaya ya zama ɗan cikin garin Katsina da ba ya tafiya hutu. Kowane ɗan aji huɗu kuma ya danƙa yaronsa ga ɗan aji biyu kafin ya fara rubuta jarrabawar fita.

Idan kuka ga tabon duka a jikin yaro, ko alamar an ci zarafin yarinya, wannan ya wuce sulhu. Ku kai shi asibitin makaranta a rubuta abin da aka gani a ranar, sannan ku sanar da jami'an tsaron makaranta da ma'aikatar harkokin mata ta jiha ko NAPTIP.